Ruwan Gishirin Yisa da Lambun Magdalina

Akwai wata mata a unguwar Shango da ke Minna, sunanta Magdalina, amma kowa Maman Luke yake kiranta. 'Yar kudancin Kaduna ce, aikin mijinta ya kawo su garin tun tana amarya. Mijin ya rasu ya bar mata ɗakuna biyu da wani ɗan fili a bayan gida.

Wannan filin ta mayar lambu. Alayyafo, ugu, tattasai, yalo, da 'yar albasa a gefe. Da sassafe take yanka, kafin rana ta ɗaga matan unguwa sun kwashe, abin da ya rage ta kai bakin titi. Da lambun nan ta ci, da shi ta sha, da shi ɗanta Luke ya kai har jami'a a Gidan Kwano.

Bango ɗaya ne ya raba lambun da gidan wata dattijuwa Banufiya da ake kira Nna. Sun daɗe suna zaman amana. Ranar Sallah kwano ya ƙetaro daga gidan Nna, ranar Kirsimeti ya koma cike. Magdalina ta san gidan kamar yunwar cikinta, domin duk sanda ciwon ƙafa ya tasar wa tsohuwar, ita ke shiga ta share mata ɗaki ta ɗora mata tukunya.

Nna tana da ɗa guda da ya rage mata, Yisa. Magdalina ta goya shi yana ƙarami, ta sha share masa majina da bakin zaninta. Ya girma ya tafi Legas, ya samu aiki mai tsoka a wani kamfanin gine-gine. Da aka mayar da aikinsa Minna sai ya dawo gidan uwarsa, iyalinsa suka tsaya can har yara su gama zangon karatu. Ya rushe tsohon falo ya gina sabo mai faɗi, ya shimfiɗa tayil, ya kafa na'urar sanyaya ɗaki. Unguwa ta taya Nna murna.

Ya kuma dawo da wata sabuwar sha'awa da ba a saba gani ba a wajen: kiwon kifin teku a cikin falo. Ba tarwada ba ce ta miya. Wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye ne masu launi, na kallo kawai, da murjani mai rai da ke tsirowa a jikin duwatsu kamar fure. Tun da Minna ba ta da teku, shi zai haɗa tekunsa da kansa: tataccen ruwa, da wani gishiri na musamman da ake aiko masa a bokiti daga Legas.

Wata rana Magdalina ta shiga kai wa Nna ganye, ta tarar falon ya koma shagon kafinta. Ga ƙaton akwatin gilashi a kan teburin katako, ga yankakkun gilasai a jingine, ga fararen bututan roba, ga warin gam ya cika ɗaki. Yisa na durƙushe a ƙasa, waya a jingine gabansa, wani Bature na ta bayani a ciki.

Yisa mutum ne mai son a saurare shi. Ko gaisuwarta bai gama amsawa ba ya kira ta ta zo ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Ya nuna mata cewa akwatin sama na kallo ne kawai. Ainihin aikin yana wajen ƙaramin tankin da zai zauna a ƙarƙashin teburin, a ɓoye. Shi ne kicin, shi ne kuma banɗakin kifayen. Ruwa zai riƙa malalowa daga sama ta bututu ya faɗo cikinsa. Ya raba shi ɗaki uku da yankan gilashi: a na farko soso zai tare datti, wata na'ura kuma ta riƙa tayar da kumfa tana kwashe ƙazanta; a na biyu duwatsu ne da ciyawar ruwa; a na uku famfo zai sake tura ruwan sama. Haka zai yi ta zagayawa dare da rana.

Ya ce ana sayar da irin wannan tanki a haɗe, amma shi da hannunsa zai yanka ya liƙa, domin a duk faɗin Minna babu wanda ya san abin da ya sani a wannan harka.

Magdalina ta yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Har ta riƙe masa gefen gilashi ɗaya yana matsa gam. Shi da bakinsa ya gaya mata cewa gam ɗin yana buƙatar kwanaki kafin ya kama sosai, kuma ba a zuba ruwa sai ya bushe ƙarau. Amma kifaye sun riga sun taso daga Legas a mota, kuma ya gayyaci abokansa su zo kallo ƙarshen mako. Washegari ya cika tankin da ruwa.

Abin ya yi kyau, wannan ba a musu. Da ya kunna fitila mai shuɗin haske, falon ya zama kamar wata duniya. Yara suka riƙa leƙe ta taga. Manyan mutane suka riƙa ajiye motoci a ƙofar gida.

Sai aka ɗauke wuta.

Famfo ya tsaya, amma ruwan sama bai tsaya ba. Ya ci gaba da gangarowa har sai da ya sauka ƙasa da bakin bututu. Tankin ƙasa kuwa Yisa ya yi shi ƙarami, ya kuma cika shi fal, babu wurin karɓar ƙari. Kafin a tayar da janareta, ruwa ya tumbatsa ya jiƙa masa sabon kafet.

Ya san maganin abin. Ko dai ya sake babban tanki, ko ya kwance aikin ya gyara tsayin bututun, ya bar wa ruwa wurin sauka. Amma duk wannan aiki ne, kuma amsa kuskure ne. Sai ya zaɓi hanya mai sauƙi. Ya huda tankin kusa da bakinsa, ya huda bangon falo, ya zura bututu ya fitar da shi waje. Duk ruwan da ya yi yawa, ya bi nan ya fita.

Wajen kuwa lambun Magdalina ne.

Ranar Lahadi ta dawo daga coci ta ga farin bututu ya leƙo ta bango, daidai kan kunyar alayyafo. Ta ɗauka ruwan na'urar sanyaya ɗaki ne. Har ta ji daɗi, ta ce yaron nan ya tuna da ita, ta samu ban-ruwa kyauta.

Ba a jima ba ganyen da ke ƙarƙashin bututun ya fara yin rawaya, bakinsa ya ƙone kamar an babbaka. Ta zaci tsutsa ce, ta yayyafa toka. Ta zaci taki ne ya yi yawa, ta ƙara ruwa. Sai wata safiya ta ga ƙasar wurin ta yi fari-fari, ta bushe ta tsattsage. Ta dangwala da yatsa ta kai baki.

Gishiri.

Ba ta tafi da faɗa ba. Ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin kai, ta shiga ta same shi yana ba kifi abinci da ɗan cokali. Ta yi masa bayani a tsanake, kamar yadda uwa ke yi wa ɗa. Ta ce wataƙila bai sani ba, amma ruwan nan yana kashe mata shuka, ya taimaka ya juya bututun zuwa kwata ko ya tara a durom.

Bai ko juyo ba.

"Maman Luke, bangon nan nawa ne. Inda na ga dama nan zan huda."

Ta ce bangon nasa ne, amma ƙasar da ruwan ke zuba tata ce.

Sai ya nuna mata wani ɗan kifi mai ruwan goro da farin zane, wanda bai kai tsawon yatsa ba.

"Kin ga wannan? Shi kaɗai ya fi lambunki gaba ɗaya. A kan ganyen miya za ki zo ki ɗaga mini hankali?"

Jama'a, wannan magana ta fito ne daga bakin yaron da ta goya. Magdalina ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Nna da ke zaune a kan darduma ta yi masa tsawa da Nufanci, ya amsa mata cewa ita ba ta gane waɗannan abubuwan ba, ta bar shi. Magdalina ta fita, domin ta san in ta buɗe baki abin da zai fito ba mai daɗi ba ne.

Ku da kuke Minna kun san yadda wuta take. A rana ɗaya sai a ɗauke a kawo, a ɗauke a kawo. Duk ɗaukewa, bututu ya tofa gishiri a lambu. Bayan haka, duk mako Yisa yana canza wa kifayensa wani kaso na ruwa, kuma maimakon ya ɗauki bokiti ya kai kwata, sai ya bi da tsohon ruwan ta wannan bututun. Ranar canjin ruwa lambun har kududdufi yake yi.

Magdalina ta sa bokiti a ƙasan bututun, ya cika ya zube tana bakin titi. Ta haƙa ɗan rami don ta karkatar da ruwan, ƙasa ta tsotse ta kai shi ga saiwar ugu. Kunyar alayyafo ta tafi. Yalo ya bi. Ugun da ya hau rumfa ya yi yaushi ya saki ganye ɗaya bayan ɗaya.

Ta kai kuka wajen Baba Ndakotsu, dattijon layin, wanda ake kai wa ƙara in maƙwabta sun saɓa. Tsohon ya zo da sandarsa ya ga wurin, ya girgiza kai, ya shiga ya yi wa Yisa nasiha. Yisa ya karɓe shi da fara'a, ya kawo masa lemo mai sanyi, ya zagaya da shi ya ga murjani, ya yi alkawarin mako mai zuwa zai gyara. Mako ya zo ya wuce. Da tsohon ya sake tuntuɓarsa sai ya ce aiki ya yi masa yawa, kuma shi bai ga dalilin da za a tara masa jama'a a kan alayyafo ba.

Matan da ke zuwa sayen ganye da safe suka fara wucewa wani wuri. Ba laifinsu ba ne, miya ba ta jira. Matar da ta yi shekara da shekaru tana yanka daga bayan ɗakinta, sai ga ta tana hawa Keke Napep zuwa kasuwa ta saro ganyen wasu, ya kwana ya yanƙwane, ta zauna tana yayyafa masa ruwa don ya yi kyan gani. Ranar farko da ta yi haka, da ta dawo gida ta rufe ƙofa ta yi kuka.

Ta daina shiga gidan Nna. Ba don tsohuwar ta yi mata komai ba, sai don ba ta iya jure jin ƙarar famfon nan a falo. Nna takan leƙo ta ƙofa ta gaishe ta cikin jin kunya, ta ce ta yi magana har ta gaji, yaron ya fi ƙarfinta. Magdalina ta amsa a taƙaice ta wuce. Wannan ma ya dame ta, amma zuciya ta riga ta ɗaci.

Da Luke ya zo hutun ƙarshen mako ya ga abin da lambun ya zama, idonsa ya kaɗa. Ya je ya samo siminti a leda, ya kwaɓa a tsohon kwano, ya nufi bututun. Uwarsa ta riske shi yana shirin cusawa.

Ya ce mata mintoci kaɗan ne aikin, kuma daga ranar ruwan mutum zai tsaya a ɗakin mutum.

Ba za a ɓoye ba, ita ma ranta ya so. Ta daɗe tana kwana tana tashi da wannan tunani. Amma ta ga ƙarƙashin teburin nan da idonta. Wayoyin lantarki ne jibge a ƙasa, na famfo, na fitila, na na'urar kumfa, duk an cusa su a soket biyu da ke kwance a kan tayil. Kuma a falon Nna take wuni, a nan take sallah, ƙafa ba takalmi.

Ta karɓe kwanon daga hannunsa.

"In ka toshe, ba Yisa ruwan zai samu ba. Shi yana ofis. Nna zai samu."

Luke ya ce to sai yaushe za su yi ta haƙuri. Ta ce ba ta sani ba. Ta zubar da simintin a bakin kwata.

Tattasai ne ya fi daɗewa, domin yana can ƙarshen lambu. Wata Juma'a da hantsi ta tarar shi ma ya sunkuyar da kai, 'ya'yan sun zube tun ba su nuna ba. A nan haƙurinta ya ƙare. Ta sa dogon takalminta na roba, ta bi kunya-kunya tana tumɓuke matattun shuke-shuke tana lodawa a babban baho. Ta ƙudura cewa a ƙofar gidan Yisa za ta juye su, daidai lokacin da maza ke dawowa daga masallaci, kowa ya gani. Daga nan kuma ta wuce ta kai ƙara hukuma, abin da zai faru ya faru.

Layin shiru, maza duk sun tafi Juma'a. Ta sauke bahon a bakin get, ta ɗaga za ta kifar, sai wani wari ya daki hancinta. Warin roba mai ƙonewa.

Get ɗin a sakaye yake. Ta tura. Ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar falo, yana gangarowa kan baranda. Ta kira Nna, ba amsa. Ta sake kira. Sai ta ji wani ɗan nishi daga ciki, da ƙara kamar ana soya abu a mai.

Ta leƙa ta taga. Falon ya zama tafki. Hayaƙi na fita daga ƙarƙashin teburin kifi. Nna na kwance a gefe cikin ruwan, hannunta na dama kusa da soket, jikinta na karkarwa.

Magdalina ba ta san sanda ta zagaya bayan kicin ba, inda makunnin wutar gidan yake. Ta kama mariƙin da hannu biyu ta ja shi ƙasa. Ƙarar ta mutu. Ta dawo ta banke ƙofa, ta kutsa cikin ruwan, ta tallabo tsohuwar. Tafin hannun Nna ya ƙone, idanunta a juye, numfashi sama-sama.

Babu namiji ko ɗaya a layin da za ta kira. Ta kwance zaninta na sama, ta goya tsohuwar a baya kamar jaririya, ta fita da ita har bakin titi, tana tafe tana kiran sunan Yesu, tana ce wa Nna kada ta kuskura ta tafi. Wani mai Keke Napep ya tsaya, suka nufi asibiti.

Likitoci suka karɓe ta da gaggawa. Magdalina ta zauna a kan benci a baranda, rigarta jiƙe da ruwan gishiri, takalmin roba a ƙafa. Daga nan ta kira Baba Ndakotsu, shi kuma ya kira Yisa.

Yisa ya fara biyawa ta gida, ya ga falonsa. Saboda haka ya iso asibitin a fusace, da farar shaddarsa ta Juma'a. Mutanen layi sun riga sun taru. Bai tambayi wanda ya kawo uwarsa ba. Idonsa na sauka kan Magdalina ya nuna ta da yatsa.

"Ke ce. Kin toshe mini bututu. Na ga bahonki a ƙofar gidana. Wallahi in wani abu ya samu mahaifiyata, a gidan yari za ki ƙare."

Magdalina ta ɗago ta dube shi. Bayanta na ciwo saboda goyon uwarsa, ga shi tsaye a kanta yana kiranta mai kisan kai a gaban jama'a. Hawaye kawai suka zubo, na baƙin ciki, ba na tsoro ba.

Baba Ndakotsu ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce ba a yanke hukunci a barandar asibiti, a je a gani da ido. Ya ɗauki Yisa da wasu maza biyu suka koma Shango.

Suka fara shiga lambu. Bututu a buɗe yake, tsohon ya zura sandarsa ciki har ta shige, babu abin da ya tare ta. Suka tsaya suna kallon filin da a da yake kore shar, yanzu ya koma fari fat kamar an watsa masa alli. Ɗaya daga cikin mazan bai taɓa shigowa ya gani ba, ya riƙe baki.

Sannan suka shiga falo suka haska ƙarƙashin teburi. Kusurwar tankin da Yisa ya liƙa da hannunsa ce ta buɗe daga sama har ƙasa. Gam ɗin ya saɓule daga jikin gilashi kamar ɓawon ayaba. A bakin haɗin kuma ga busasshen gishiri ya taru ya yi kauri, alamar ya daɗe yana tsattsafo. A akwatin sama, ba famfo ba sanyi cikin zafin Minna, kifaye sun fara juya ciki sama.

Suka koma asibiti.

Da la'asar Nna ta farfaɗo. Da aka bar mutane suka shiga, ta nemi a kira mata Maman Luke tukuna, ta sa ta zauna a bakin gado. Yisa ya matso yana tambayarta jiki. Wata mata ta riga ta raɗa wa Nna abin da ya faɗa a baranda. Tsohuwar ta fara yi masa magana da Nufanci, sai ta tsaya, ta koma Hausa don kowa ya ji.

Ta ce tun makonni da suka wuce take gaya masa ƙarƙashin teburin yana damshi, yana goge wurin da tsumma yana ce mata ba komai. Ta ce tana zaune ta ji gilashi ya yi ƙara, ruwa ya ɓalle, ta je ta zare waya don kada gidan ya kama wuta.

"Ka kashe mata abinci tana kallo, ba ta rama ba. Yau ta goya ni a bayan da ta goya ka. Kai kuma ka zo ka saka mata da wannan. Fita ka ba ni wuri."

Yisa ya fita. A baranda ya zauna a kan bencin da Magdalina ta tashi, ya sa kai cikin gwiwa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, sai dai wannan karon dukan ya fara sauka a kan uwarsa.

Nna ta rayu, amma yatsunta biyu na dama ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Kifaye da murjani kuwa ko ɗaya bai kai gari ya waye ba.

Bayan an sallamo ta, Yisa ya aiko direba gidan Magdalina da buhun shinkafa da jarkar mai da atamfa. Ta ce a mayar. Ya sake aikowa, ta sake mayarwa. A karo na uku ya zo da ƙafarsa, tare da Baba Ndakotsu, ya tsuguna a tsakar gidanta ya ce ta yafe masa.

Ba ta yi saurin cewa ta yafe ba. Ta bar shi a tsugune har ƙafarsa ta fara sanyi.

"Ba shinkafa ka ɗauke mini ba, Yisa. Ƙasa ka kashe mini. Ka cire bututunka, ka kwashe gishirinka, ka dawo mini da ƙasata. Kuma ba lebura ba. Kai."

Haka aka yi. Mutumin da a da ba ya sauke gilashin mota ya gaida mutanen layi, sai ga shi da shebur da baro, yana kankare ƙasar lambu yana turawa waje, gumi na zuba, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ya sa aka kawo baƙar ƙasa daga bakin rafi aka juye a ƙofar gida, ya riƙa shigar da ita baro-baro. Masu wucewa suna rage tafiya suna kallo. Bai ɗaga kai ba.

Duk da haka shekarar ta riga ta tafi wa Magdalina. Sai da damina ta zo ta wanke abin da shebur bai kai gare shi ba, sannan shuka ta yarda ta tsaya. Wasu daga cikin masu sayenta sun dawo, wasu sun saba da wani wuri. Ta koma shiga gidan Nna, ita ke wanke mata hannun tana shafa magani, domin ɗan da ya jawo ciwon ba ya iya kallonsa.

Yisa ya samu mai sayen akwatin gilashin, wani daga Abuja, har an sa ranar zuwa ɗauka. Nna ta ce ba inda za a kai shi. Ta sa aka wanke shi aka bar shi a inda yake, a tsakiyar falo, babu ruwa babu kifi.

Har yau yana nan. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya, wannan ƙaton akwati fa, me ya sa ba komai a ciki? Nna takan juya ta dubi ɗanta ta ce, "Gaya masa."

Shi kuma dole ya faɗa, tun daga farko.

Darasi: Duk abin da kake jin daɗinsa a cikin ɗakinka, ka leƙa bayan bango ka ga a kan wa dattinsa yake zuba. Arziki bai ba ka izinin raina abincin wani ba, kuma maƙwabcin da ka wulaƙanta yau, wataƙila shi kaɗai ne zai kasance a kusa ranar da naka zai faɗi. Wanda aka zalunta kuma ya riƙe hannunsa, kada ramuwarsa ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila akwai mai bututun da ya kamata ya cire tun kafin Juma'arsa ta zo.